Tarwaɗar Kawu da ƙullin maganin garkuwa

Da sanyin safiyar wata Asabar a watan Janairun 2024 na tarar da Kawu a bayan gidansa da ke Karkarna, hedkwatar ƙaramar hukumar 'Yankwashi, yana tsugune a bakin tankin siminti da koma a hannu. Hazo ya rufe gari, ko bishiyar kukar da ke bayan katanga ba a gani sosai. A gefensa akwai daro, a cikin daron kuwa tarwaɗa goma sha bakwai, duk sun miƙe. Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Sai da ya gama tsamo ta ƙarshe sannan ya ce, “Ɗan jarida, ka zo a kan gaɓa. Jiya goma sha ɗaya ne, yau ga abin da Allah ya yi.”

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, malamin firamare ne da ya yi shekara 35 yana koyarwa a ƙauyukan masarautar Kazaure, daga ɓangaren Roni har zuwa Gwiwa. Da aka biya shi giratuti sai ya haƙa rijiyar burtsatse, ya gina tankuna biyu, ya zuba 'ya'yan kifi dubu biyu. Lissafinsa mai sauƙi ne: wata biyar ko shida kifi ya kai kilo guda, dillalai su zo daga Kazaure ko Kano su kwashe, a biya kuɗin makarantar yara biyu da ke kwaleji, saura a mayar cikin ruwa. Wani ɓangare na wannan lissafin daga bakina ya ji shi. A lokacin ina gabatar da shirin sana'o'i a wani gidan rediyo, kuma na yi makonni uku a jere ina zayyana wa masu sauraro ribar kiwon kifi, da muryar wanda bai taɓa kwana a bakin tanki ba. A tsakiyar shirin nakan karanta tallar wani gari da ake cewa yana ƙara wa kifi garkuwar jiki. Irin wannan garin ne na gani a safiyar nan, ƙulli uku a kan bulo, biyu an riga an farke bakinsu.

“Na ba su maganin garkuwar da kuke faɗa,” in ji Kawu. “Har ninka musu na yi. To ina garkuwar take?”

Ban da amsa a ranar. Na karanci aikin jarida ne, abin da na sani game da kifi bai wuce farashinsa a wurin masu suya ba. Amma tambayar ta bi ni har Kano, ta sa na shafe watanni ina karatu, ina kuma matsa wa wata tsohuwar abokiyar karatuna da ta karanci kimiyyar kifi da tambayoyi. Abin da na fahimta shi ne kalmar garkuwa da muke karantawa a talla tana rufe abubuwa biyu mabambanta. Akwai cike giɓin abin da jikin kifi yake buƙata ya rasa, akwai kuma ƙara masa abin da ya riga ya ƙoshi da shi da fatan zai fi ƙarfi. Na farkon yana da hujja mai ƙwari. Na biyun kuwa wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ci kuɗi kawai.

Kafin a kai can, ya kamata mai karatu ya san da me kifi yake kare kansa. Tarwaɗa, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, ba ta da ɓawo irin na karfasa. Katangarta ta farko ita ce yauƙin nan da ke sa ta sulɓe daga hannun mai kamu. A cikin yauƙin akwai sinadarai da ke fasa jikin bakteriya, ɗaya daga cikinsu ana kiransa lisozayim, irin wanda ke cikin hawayen ɗan Adam. Duk sa'ad da aka ja kifi da koma mai kaushi, ko aka cunkusa su har suna cizon juna, an yage wannan riga, ƙwayar cuta ta sami ƙofa. A cikin jiki kuma tsarin ya bambanta da namu. Kifi ba shi da ɓargo mai ƙera jini, ba shi da kaluluwa. Gaban ƙodarsa, wanda ke kusa da kai, shi ne masana'antar fararen ƙwayoyin jini, saifa tana taya shi. Daga cikin waɗannan ƙwayoyin akwai masu haɗiye duk baƙon da suka tarar ba tare da tambayar sunansa ba. Akwai kuma rukuni na biyu masu koyon fuskar cuta su riƙe ta, su ƙera mata makami na musamman, amma a kifi wannan rukunin yana da nawa, yakan ɗauki makonni kafin ya shirya. Saboda haka kifi ya fi dogara ga rukunin farko, kuma yawancin abubuwan da ake zubawa a abinci da sunan garkuwa wannan rukunin suke nufa.

Akwai kuma abin da mu mutanen arewa ya kamata mu riƙe da kyau. Jikin kifi ba ya ɗumama kansa. Zafin ruwa shi ne zafin jininsa. Tarwaɗa ta fi jin daɗi a tsakanin digiri 26 zuwa 30 na ma'aunin Salshiyos. Idan ruwa ya yi sanyi, narkar da abinci ya ragu, ƙwayoyin jini su yi kasala, rauni ya daɗe bai warke ba. A ƙasar Kazaure, daga Disamba zuwa Janairu, iskar dare kan sauka ƙasa da digiri 15, kuma tankin siminti da ke tsaye a sarari, ruwansa bai kai ƙugu ba, yana shan wannan sanyi ta sama da ta gefe. Littattafan koyon kiwon kifi da ke yawo a wayoyinmu galibinsu an rubuta su ne da yanayin Ibadan da Legas a zuciya, inda hunturu baƙo ne mai kwana biyu.

To bari mu fara da abin da ya fi kowanne hujja, wato bitamin C. Akuya da kaza suna ƙera shi a jikinsu. Ɗan Adam ba ya iyawa, haka ma tarwaɗa da karfasa da galibin kifayen da ake kiwo, domin ba su da sinadarin da ke kammala matakin ƙarshe na haɗa shi. Tarwaɗar da ke dam ɗin Kazaure ko fadamun Haɗeja tana samunsa daga ƙwari da tsirrai da ƙananan halittun ruwa. Wadda ke cikin siminti kuwa, abin da hannun mai ita ya watsa mata shi ne duniyarta. Bitamin C shi ne ke taimaka wa jiki ɗinka naman da ke riƙe fata da ƙashi da jijiyoyin jini. Idan ya yi ƙaranci, ƙashin baya ya karkace, rauni ya ƙi rufewa, jini ya riƙa tsattsafowa a ƙarƙashin fata. A farkon shekarun 1970, masu kiwon wata tarwaɗa 'yar Amurka sun sha fama da kifaye masu karyayyen baya, har Tom Lovell na Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama ya nuna a 1973 cewa rashin bitamin C ne sanadi. A tarwaɗarmu alamar da aka fi sani ita ce tsagewar ƙoƙon kai, inda za ka ga wani jan layi ya ratsa kan kifin kamar an sare shi da wuƙa. Uku daga cikin kifayen da ke daron Kawu suna da wannan layin. Shi ya ɗauka faɗa suka yi.

A 1985 Lovell da abokin aikinsa Li suka yi wani gwaji da ya zama tushen kusan duk tallar da ake yi a yau. Sun ciyar da rukunin kifaye abinci mai ma'aunin bitamin C daban-daban, sannan suka harba musu bakteriyar Edwardsiella ictaluri, wadda ke yi wa masu kiwo ɓarna a kudancin Amurka. Kifayen da ba su sami bitamin ɗin ba ko kaɗan duk sun mutu. Waɗanda aka ba miligiram 3,000 a kowane kilo na abinci, wato ninkin ba ninkin abin da jiki ke buƙata don girma, babu wanda ya mutu a cikinsu. Sakamako ne mai ɗaukar hankali, kuma daga nan aka fara cewa a loda wa kifi bitamin C ya zama gagara-cuta. Sai dai a 1993 wasu masu bincike a jihar Mississippi suka sake gwada irin kifin da irin cutar, suka tarar cewa ƙarin da ya wuce buƙata bai rage mace-mace ba. Abin da gwaje-gwajen biyu suka yarda a kai shi ne kifin da ya rasa bitamin C yana faɗuwa da wuri. Inda suka saɓa shi ne ko ƙarin da ya zarce ƙoshi yana da wani amfani. Mai talla yakan karanto maka na 1985 ya yi shiru game da na 1993. Ni ma da bakina na yi hakan, ban ma san akwai na biyun ba.

Me ya sa kifin Kawu zai rasa bitamin C alhali yana cin abinci sau biyu a rana? A nan labarin ya bar ɗakin gwaji ya shigo kasuwa. Abinci shi ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon tarwaɗa. Watanni biyun farko Kawu ya ciyar da na kamfani, mai yawo a saman ruwa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, farashin buhu ya yi ta hawa har ya fi ƙarfin ɗan fansho. Sai ya yi abin da masu kiwo da yawa suka yi: ya koma haɗa nasa. Masara, waken suya, tunkuzar gyaɗa, ɗan garin kifi, da garin haɗin bitamin da ya sayo a shagon kayan kaji. A kwaɓa da ruwan zafi, a murza a inji, a shanya a kan tabarma kwana biyu.

Bitamin C na gama-gari abu ne mara haƙuri. Zafi yana lalata shi, danshi yana lalata shi, iska da hasken rana ma haka. Garin da ya yi watanni a kan kantar shago mai rufin kwano ya riga ya rasa wani ɓangare tun kafin a saye shi. Ruwan zafin kwaɓi ya ci wani, shanya ta ci wani, abin da ya rage kuma yana narkewa cikin ruwan tanki kafin kifi ya haɗiye, musamman a abinci mai nutsewa wanda ke marmashewa. Kamfanonin abincin kifi sun san wannan, shi ya sa suke amfani da wani nau'i da aka ɗaure shi da sinadarin fosfet, wanda ke jure zafin inji, sai ya shiga hanjin kifi sannan ya kwance. A takardar lissafin Kawu akwai bitamin C. A cikin kifin ne babu shi. Da an tambaye ni wane ƙari ne ya fi cancantar kuɗin mai haɗa abinci a gida, wannan nau'in mai ɗaure zan ce, kuma a duba ranar da aka yi shi a jikin leda.

Tunkuzar ma tana da nata. Gyaɗa da masarar da aka adana da ɗan danshi sukan yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar, Aspergillus flavus, yana fitar da dafin aflatoksin. Duniya ta fara sanin wannan dafi a 1960, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil. A kifi yana lalata hanta, yana rage girma, yana kuma raunana ainihin fararen ƙwayoyin jinin da ake son ƙarfafawa. Dafuwa ba ta kashe shi. Tunkuzar da ta tsufa har manta ya yi ɗoyi kuma tana cinye bitamin E da ke cikin abincin. Mai sayen tunkuza mai araha a ƙarshen kasuwa, sannan ya yayyafa mata garin garkuwa, yana zuba ruwa ne a tulun da gindinsa ya fashe.

Sai rukuni na biyu, wato abubuwan da ba abinci ba ne, aikinsu shi ne tsokanar garkuwar jiki ta farka. Wanda aka fi bincike a kansa shi ne beta-gulukan, da ake cirowa daga bangon ƙwayar yis, irin na burodi. Hikimar tana da daɗin ji. Ƙwayoyin jini masu haɗiye baƙo suna gane wannan sinadari a matsayin alamar fumfuna ta shigo jiki, sai su tashi tsaye su wasa makamai, alhali babu cutar. Idan cuta ta gaske ta zo a kwanakin nan sai ta tarar da gida a farke. Masana a Jami'ar Tromsø ta ƙasar Norway ne suka nuna haka a kifin salmon a 1990, kuma a wancan gwajin allura aka yi wa kifin. Daga baya aka riƙa sa shi a abinci, sakamakon kuma ya zama gauraye, wani wuri ya rage mace-mace, wani wuri bai canza komai ba. An kuma lura cewa ba da shi kullum ba hutu, ko ba da shi da yawa, na iya sa jiki ya saba ya daina amsawa, kamar maigadin da aka tasa sau goma a dare ɗaya babu ɓarawo. Shi ya sa masu amfani da shi da ilimi suke ba da shi na 'yan makonni kafin wani lokacin wahala da suka hango, kamar jigila ko tantance kifi ko shigowar sanyi, sannan su dakata. Makami ne na kafin faɗa. Kawu ya fara ba da nasa ne bayan gawa ta fara tasowa.

Tunda an ambaci Norway, akwai darasin da ake yawan karkatar da shi. A 1987 masu kiwon kifin ƙasar sun yi amfani da kusan tan 50 na antibayotik. Daga baya adadin ya ragu da kusan kashi 99 cikin ɗari, alhali kifin da suke fitarwa ya ninka sau da yawa. Abin da ya kawo wannan shi ne allurar rigakafi da ake yi wa kowane ɗan kifi, da dokoki masu tsauri kan tsafta da hutar da wuraren kiwo. Ƙarin abinci ya zo ne a matsayin mataimaki. Mu a nan muna son mu ɗauki mataimakin mu bar maigidan, domin shi ne ake iya ƙullawa a leda a sayar.

Na san akwai masu karatun da tun ɗazu suke jira in zo kan zogale da tafarnuwa da citta da shuwaka. Jami'o'inmu sun cika mujallu da gwaje-gwaje a kansu, kuma ba raina su nake yi ba. Tafarnuwa tana da sinadarin alisin mai kashe bakteriya, ganyen zogale yana da furotin da bitamin. Amma zogale yana kuma da sinadarai masu ɗaci da ke hana hanji tsotse abinci. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Hohenheim ta Jamus a 2003 ya nuna karfasa tana jure garin zogale idan bai wuce kashi 10 cikin ɗari na furotin ɗin abincinta ba, idan aka haura sai girma ya ja baya. Abin da na koya a matsayina na mai karanta irin waɗannan rahotanni shi ne in nemi abu guda: shin an gwada kifin da cuta an ƙirga waɗanda suka rayu, ko kuwa jini kawai aka ɗiba aka ga fararen ƙwayoyi sun ƙaru? Ƙaruwar fararen ƙwayoyin jini na iya nufin jiki ya shirya, tana kuma iya nufin wani abu yana damunsa. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen na makonni takwas ne, a cikin robobi, a ruwa mai tsafta da ɗumi daidai. Mu 'yan jarida mukan ɗauki taƙaitaccen bayanin mu sa masa kanun “An gano maganin mutuwar kifi”, mu wuce labari na gaba.

Abokiyar karatun tawa ta yarda ta bi ni Karkarna a mako na biyu. Ba ta ko kalli ƙullin garin ba. Ta durƙusa ta gaishe da Kawu, sannan ta tsoma hannu a tanki, ta sansana ruwan, ta fito da ma'aunin zafi daga jaka. Ƙarfe bakwai na safe ruwan yana digiri 19. Ta sa aka rage ruwan, sai ga gindin tankin lulluɓe da ruɓaɓɓen abinci, kaurin yatsa biyu.

“Baba, sau nawa kuke canza ruwa?” ta tambaya.

“Da kullum ne, 'yata. Da fetur ya tashi sai na koma bayan kwana huɗu.”

Daga nan ta warware mana abin da ya faru. Sanyi ya sa kifin ya rage ci. Kawu ya ga suna mutuwa, ya kwaɓa garin garkuwa a abinci, ya ƙara yawan abin da yake watsawa don maganin ya shige su. Kifi mara lafiya ba ya cin abinci, don haka waɗanda suka fi buƙatar maganin su ne ba su taɓa shi ba. Abincin ya nutse ya ruɓe, ya haɗu da kashin kifi ya zama ammoniya, wadda ke ƙona fata da gaɓar numfashi. Kifin da ke cikin irin wannan ruwa jikinsa yana fitar da sinadarin damuwa, kotisol, wanda ke danne garkuwar jiki kai tsaye. Bakteriya irin su Aeromonas hydrophila kuwa dama suna nan cikin kusan kowane ruwan kiwo, suna jiran kifi ya raunana. Jajayen gyambon da ke jikin kifin Kawu da kumburin ciki irin aikinsu ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan ba karin magana ba ce, warinsa muke ji.

Taurin ran tarwaɗa ma yana cikin abin da ke yaudarar masu kiwo. Tana da wata gaɓa a cikin kai da ke ba ta damar shaƙar iska daga sarari, shi ya sa take rayuwa a taɓon kududdufin da ya kusa ƙafewa, take kuma kai wa kasuwa da rai a cikin rabin jarka. Ruwan da zai kashe karfasa a dare ɗaya, tarwaɗa za ta yi makonni a cikinsa tana leƙo kai. Mai ita sai ya ɗauka lafiya lau take, alhali ƙarfinta ne ke ƙarewa a hankali.

Wani maƙwabci ya riga ya ba Kawu shawarar ya sayo jan kafso ko garin antibayotik na kaji ya juye a ruwa, kuma ya kusa yi. Wannan ita ce hanyar da ta fi damuna, domin ba ta tsaya a tanki ba. Antibayotik da aka zuba ba ma'auni yana koya wa bakteriya jure magani, ragowarsa yana zama a naman kifin da za a ci a Kazaure ko Sabon Gari, ruwan da aka zubar kuma a gidan Kawu lambun alayyafo yake bi. Tarayyar Turai ta haramta sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙara girma tun Janairun 2006, kuma wannan haramcin na cikin abin da ya bunƙasa kasuwar kayan ƙarin garkuwa a duniya. Manufar mai kyau ce, a rage dogaro da magani. A wurinmu sau da yawa ana haɗa su biyun ne a kwano ɗaya.

Abin da ta sa Kawu ya yi bai ƙunshi sayen komai ba sai gishiri da leda. A daina ciyarwa kwana uku. A wanke gindin tanki. A riƙa shigar da ruwa kai tsaye daga burtsatse, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa a lokacin hunturu ya fi wanda ya kwana a tankin sama ɗumi nesa ba kusa ba. A rufe saman tankin da leda da daddare, a bar kafar iska. A ware masu gyambo, a yi musu wankan ruwan gishiri da ma'auni. Idan an dawo ciyarwa, a bari sai rana ta ɗaga ruwa ya yi ɗumi, a ba su kaɗan, a tsaya a gani sun cinye. Tunkuzar da ta rage ta ce a zubar, Kawu ya dube ta kamar ta ce ya zubar da kuɗin fanshonsa, wanda kuma hakan ne. Mace-macen suka ragu cikin mako guda, suka tsaya a na uku. A cikin dubu biyu, kifi ɗari tara da 'yan kai ne suka kai ga sikeli, su ma ba su cika nauyin da aka sa rai ba. Uwar kuɗi ba ta dawo ba. Ɗaya daga cikin yaran nan biyu ya jinkirta rajistar zango guda.

Na nemi afuwar Kawu a kan shirin rediyon. Ya yi dariya ya ce ai ba ni na sa masa hannu a aljihu ba, ya kuma ce shekara 35 yana faɗa wa yara su karanta tambaya kafin su rubuta amsa, ga shi shi bai karanta bayan leda ba. Na ɗauko ledar na karanta masa. An rubuta cewa garin yana ɗauke da bitamin da ma'adinai da tsirrai na musamman. Ba a faɗi ko miligiram nawa ne na wane ba, ba a faɗi wane nau'in bitamin C ba ne, ranar ƙarewar aiki kuma ta goge.

Ya sake zuba kifi a watan Afrilu, ɗari takwas kacal, a tanki ɗaya, da niyyar ya kwashe kafin Nuwamba. Ya sayar da janareto ya ciko ya sa sola a kan burtsatsen. Yana sayen abincin kamfani na watanni biyun farko, sauran yana haɗawa, amma yanzu da ruwan sanyi yake kwaɓawa, a inuwa yake shanyawa, kuma ba ya haɗa abin da ya wuce na mako guda. Bitamin C mai ɗauren fosfet ni nake sayo masa daga Kano, rabin kilo a cikin gwangwani mai murfi. A jikin bangon tankin ya rataye ma'aunin zafi da igiya, kusa da shi kuma akwai tsohon littafin rajistar aji, inda yake rubuta zafin ruwa safe da yamma a layin da a da ake kiran sunan ɗalibai. Da na je hutun babbar sallah na tarar ya ƙara wani shafi. Ya raba kifin gida biyu da raga, yana sa wa ɓangare ɗaya dakakkiyar tafarnuwa a abinci, ɗayan kuma babu, ya ce yana so ya gani da idonsa.

“Kawu, ai ruwansu ɗaya ne,” na ce. “Abin da ya narke a nan zai ratsa raga ya je can.”

Ya yi shiru yana duban ragar, sannan ya ce in miƙo masa biro.